Gide Ya Shuka Lu'ulu'u

Malam Gide ya zura awartaki cikin toka ya jawo 'yar tukunyar, ya dire ta a bakin ƙofar maƙera, inda hasken safiya ya fi faɗowa. Ta huce. Yumɓun da ya gina ta da shi, wanda ya kwaɓa da farar ƙasar Ƙanƙara da kashin jaki, ya ƙone ya koma kamar ƙashi. Ya tsuguna a gabanta da guduma a hannu, ya kasa bugawa. Cinyoyinsa har yanzu rawa suke yi, don kwana da kwanaki ya yi a kan zugazuginsa, wanda ba irin na kowa ba ne. Tsohon keke ne ya kafe a ƙasa, ya haɗa ƙafar baya da farfelar wata matacciyar mota. Sai mutum ya hau ya yi ta tuƙi ba ya zuwa ko'ina, wuta kuwa tana kuka.

Matarsa Safara'u ta shigo da kwanon koko ta ajiye nesa da toka. Ta ce jiya da la'asar Alhaji Mani, yayansa, ya sake zuwa nemansa, ta ce masa yana kwance ba ya jin daɗi. Alhaji ya bar saƙo cewa ranar Juma'a za a ƙera wa ɗansa Sanusi guduma, kowa ya hallara a maƙerar gado.

"Bai duba burgamin ba tukuna, Malam," in ji ta. "Ran da ya duba, ni ba ni da sauran ƙaryar da zan yi."

Gide bai ɗago ba. Ya ce ta sha kuruminta, abin da zai mayar wa Alhaji ya fi abin da ya ɗauka. Ta dube shi, ta dubi keken, ta fita.

Abin da ya ɗauka dunƙulen tama ne, bai fi dunƙulen hannun ƙato ba. Mahaifinsu shi ne na ƙarshe da ya narka dutse ya fitar da ƙarfe a wannan yanki. Tun da karyayyun motoci suka cika gefen hanya, maƙera suka koma sayen sifirin, ƙarfen ƙarƙashin mota, aka bar haƙar tama, waɗanda suka san ginin murhunta suka mutu ɗaya bayan ɗaya. Dunƙulen nan kaɗai ya rage a gidansu, yana cikin burgami, wata jakar fatar akuya, a rataye a rufin maƙerar gado, a gidan Alhaji Mani. Al'adar gidan ita ce, duk ɗan da zai buɗe maƙerar kansa, sai a gutsuro masa ɗan kaɗan a narkar a fuskar gudumarsa ta farko. Wanda ba a sa masa ba, ko ya fi kowa iyawa, ɗan zuga ne a wurinsu har ya tsufa. Tama kuwa ba ta yi kama da ƙarfen mota ba. Jikinta duk ramuka ne ƙanana, kamar gidan gara, kamar cikin burodi. Gide tun yana yaro yake son ya ɗaga ta ya leƙa cikin ramukan, yana tunanin ina suke ƙarewa.

Bara, bayan farin da aka yi, gwamnati mai sabon kuɗin mai ta turo kamfani ya haƙa rijiyar burtsatse a bayan kasuwa. Gide ya bar aikinsa ya riƙa zama a gindin injin yana kallo. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne haƙorin injin: ƙarfe ne, amma yana cin dutsen da yake karya masaba, babbar gudumar maƙera, bai dakushe ba. Shugaban ma'aikatan, Ɗanasabe, ɗan wajen Ketare ne da ya yi makarantar mishan ya koyi aikin a Kaduna, kuma ubansa da galmar gidan su Gide ya yi noma. Shi ya ɗora masa wani guntun haƙori a tafin hannu ya nuna masa 'yan ƙwayoyi masu ƙyalli a jikinsa. Ya ce lu'ulu'u ne, amma ba na ƙasa ba, mutane ne suka yi shi, kuma asalinsa ɗaya da gawayi. Ya ce ƙarfen da ke riƙe da shi mai ramuka ne. Har ya ƙara da cewa ya karanta a wata mujalla, a can ƙasashen sanyi wasu na ƙoƙarin su sa shi ya tsiro da kansa a jikin ƙarfe, daga hayaƙi mai zafi, ya lulluɓe shi kamar yadda gansakuka ke lulluɓe randa.

Da kamfanin ya tashi, ya tashi da Bilya, ɗan Gide tilo namiji. Bilya ya ajiye guduma ya ɗauki hular kwano. Ya ce wa ubansa ba ya iya ƙare rayuwarsa yana wasa fartanyar da za ta dakushe kafin a gama noman farko, ga kuma ta kanti tana shigowa mota-mota.

Gide ya kwana da maganar nan watanni. Gawayi, wuta, ƙarfe mai ramuka. Wa ya fi maƙeri gawayi, gawayin ƙirya ma? Wa ya fi shi wuta? Ya fara gwadawa da guntun sifirin, bai ga komai ba, ya ce dama ai ba shi da ramuka, iri ba ya kama kan daɓe. Sai ya tuna burgamin. Ya so ya raba dunƙulen biyu, amma ya san bugu ɗaya na guduma zai toshe ramukan. Ranar da Alhaji ya tafi Pauwa gaisuwar mutuwa, ya sauko da shi gaba ɗaya. Ya daka gawayi ya tankaɗe, ya cusa a kowane rami da tsinke, ya binne dunƙulen a cikin sauran garin, ya liƙe tukunya. A lissafinsa, in lu'ulu'u ya tsiro, za a riƙa sa ɗan kaɗan a bakin kowace galma, ba ta ƙara dakushewa, manoma daga Yargoje har Funtuwa su yi layi a ƙofarsa. Ranar kuwa Bilya zai dawo da ƙafarsa ya ce a ƙera masa tasa gudumar.

Ya yi bisimilla ya buga. Tukunyar ta tsage biyu.

Dunƙulen ya sake kama. Ya zauna ya yi faɗi kamar waina, ramukan sun tafi. Amma da Gide ya juya shi cikin rana sai ya ga abin. Jikinsa duk ƙyalli ne, 'yan ɓawo sirara kamar na kifi, sun hau juna suna walƙiya, wasu har sun miƙe tsaye. Ya daɗe yana juyawa. Ya ce a ransa ramukan ba tafiya suka yi ba, cika suka yi. Bai sha kokon ba. Ya naɗe abin a tsumma, ya sa rigarsa ta zuwa suna, ya bi ta bayan gari don kada ya wuce ƙofar Alhaji.

A tasha ya sami 'yar bas mai zuwa Faskari, inda ya ji kamfanin yake. An cusa shi a kujerar baya tsakanin wata mai kaji da wani saurayi mai sabuwar rediyo, wanda ya ɗaure agogo a kowane hannu. Saurayin ya ga yadda tsoho ya rungume tsumma a ƙirji, ya tambaye shi ko kuɗin Udoji na ƙarin albashin ma'aikata ne aka biya maƙera su ma. Aka yi dariya. Gide ya ce abin da ke cikin tsummar, ko Ikko ba a taɓa yin irinsa ba.

"To Baba, in ka zama attajiri ka tuna da mu 'yan kujerar baya," in ji saurayin.

Gide ya yi murmushi, ya ce zai tuna. Da gaske yake. Yana kallon duwatsun gefen hanya ta taga, yana ganin kowannensu kamar tuwo, abin da za a iya yankawa.

A Faskari bai tarar da inji ba. Wani bututu ne kawai ya leƙo daga ƙasa a gindin dutse, an toshe bakinsa da siminti. Wata mai fura da ke zaune a inuwar kusa ta ce sun haƙa sun haƙa ba su sami ruwa ba, sun kwashe kayansu sun yi wajen Sabuwa. Ta ce kafin a toshe, in ka sa kunne a bakin bututun sai ka ji iska tana numfashi daga ƙasa. Gide ya so ƙwarai a ce ba a toshe ba. Ya tsuguna ya sa kunnensa a kan simintin, bai ji komai ba sai zafi.

Wata babbar mota mai kai wa kamfanin man inji ta ɗauke shi a baya, a kan durom. Hanyar ba kwalta, rana ta bazara ta tsaya a ka. A gonakin da suke wucewa mutane na ta sassabe suna ƙona kara, kowa na shirin ruwan farko. Lokacin da maƙeri ba ya ɗaga kai ke nan, shi kuwa ga shi a kan durom, maƙerarsa a rufe.

Tun daga nesa ya ji ƙarar injin. An kafa shi a wani fili kafin shiga Sabuwa, doguwar hasumiyarsa a tsaye, farin ruwan laka na malala daga gindinta. Bilya ne ya fara hango shi. Ya yi ƙiba, ya yi baƙi, hular kwano ta zauna masa. Ya taho da sauri ya durƙusa, ya tambaya ko lafiya, ko Inna ce. Gide ya ce kowa lafiya, wurin maigidansa Ɗanasabe ya zo, amma shi ma Bilya ya tsaya ya gani.

Ɗanasabe ya sa aka rage ƙarar inji. Ya cire hularsa ya gaida tsoho, ya kai shi inuwar wata mota, ya sa aka kawo ruwa. Ma'aikata uku huɗu suka matso. Gide ya warware tsummar a hankali a kan murfin durom, ya ja da baya don kada inuwarsa ta tare rana.

"Ga shi nan. Yadda ka hwaɗa mini. Ya tsiro."

Ɗanasabe ya ɗauka ya juya. Ya tambayi abin da aka yi, Gide ya ba shi labari tun daga dakan gawayi har tuƙin keke. Wani cikin ma'aikatan ya fara dariya, Ɗanasabe ya dube shi, ya haɗiye. Sai ya tambaya wane ƙarfe ne aka sa a ciki. Gide ya ce tama ce.

Bilya ya ɗago kai. "Wace tama, Baba?"

"Tama nawa gare mu?"

Ɗanasabe ya san burgamin. Yana yaro ya raka ubansa maƙerar gado, ya ga yadda ake sauko da shi da hannu biyu. Daga nan ya aika aka ɗauko masa kwalbar lemo da wani tsohon haƙorin inji. Ya goga haƙorin a jikin kwalbar, ta yi ƙara mai sa haƙora tsami, farin zane ya fito. Ya miƙa wa Gide kwalbar ya ce ya gwada nasa da hannunsa.

Gide ya goga. Ba ƙara. Abin ya zame sumul kamar an shafa mai, ya bar baƙin layi. Ya sa babban yatsa ya share, layin ya goge, kwalba na nan lafiya lau. Ya sake gogawa da ƙarfi, ta wani gefen. Ƙyallin ya zubo masa a tafin hannu, ya murtsuke, ya zama baƙi.

Ɗanasabe ya yi masa bayani da murya ƙasa-ƙasa. Ya ce abin da ya tsiro ɗin da gaske ya tsiro, kuma daga gawayin ne, amma irin wanda ake sawa a cikin fensir ne. Uwarsu ɗaya da lu'ulu'u, sai dai wannan shi ne mafi laushi, wancan mafi tauri. Ya ce kafin gawayi ya zama wancan, sai an danne shi da nauyin da ya kai a ɗora dutsen Faskari a kan farce, a cikin injin da ya fi ɗaki girma. Masu son tsirar da shi daga hayaƙi kuwa, su ma da digirorinsu har yanzu fama suke yi.

"Ba ka hwaɗa mini nauyi ba," in ji Gide. "Gawayi ka ce, da wuta, da ramuka."

"Hira nike yi, Baba. Na ga kana jin daɗin saurare."

Gide ya gyaɗa kai. Bai yi faɗa ba. Ya ce to, lu'ulu'u bai samu ba, a ba shi guduma. In dai ƙarfen na nan, ranar Juma'a a gutsura a sa wa Sanusi, baƙin da ke jiki wuta za ta cinye shi. Aka miƙo masa gudumar kamfani, mai ƙotar roba. Ya auna ta a hannu, ya ɗora dunƙulen a kan ƙarfen bayan mota, ya ɗan taɓa gefensa yadda ake taɓa tama don a ji muryarta.

Tama in an buge ta lotsawa take yi, ta bi guduma. Wannan sai ya ce ƙwas, ya tarwatse kamar kasko. Gutsattsarin suka watsu cikin laka, cikinsu toka-toka, gari-gari.

Ba wanda ya buƙaci yi wa Gide bayanin wannan. Ya san irin ƙarfen. Shi ne na fasasshen kan inji da na tsohuwar tukunyar Turawa, wanda ko kyauta aka kawo maƙeri ba ya karɓa, don ba ya ƙeruwa, ba ya kama wani ƙarfe, in an sa shi a wuta an buga sai ya zube. Tamar ta sha gawayi har ta ƙoshi, ta narke, ta tashi daga tama. Ya durƙusa yana tsince gutsattsarin daga laka ɗaya bayan ɗaya yana zubawa a tsumma. Ma'aikatan suka sulale suka koma bakin aiki. Ɗanasabe ya ce zai sa mota ta kai shi har gida, shi ma ya tafi.

Bilya ya tsuguna yana taya shi tsinta. Can ya ce, ba tare da ya dubi uban ba, me ya kai shi.

"So nike ka dawo ka tarar da abin da ya fi wanga," Gide ya nuna hasumiyar da haɓa.

Bilya ya juya wani guntu a hannunsa. Ya ce da Baba ya tambaye shi, da ya hutar da shi. Ko da lu'ulu'un ya tsiro har ya yi reshe, shi ba zai koma zuga ba. An yi masa alkawarin koya masa jan injin da kansa, bayan Sabuwa kuma Birnin Gwari za su. Ya ce wanda ke son gudumar Sanusi ne, shi ne tun suna yara yake tsayawa a ƙarƙashin burgamin yana ɗaga kai. Bai faɗa da zafi ba. Da ya faɗa da zafi, da Gide ya sami abin riƙewa.

Daga gindin inji aka ƙwala wa Bilya kira. Za a fara zura fararen bututu a rami, ana so a sa wa kowanne lamba kafin a saukar, allin kuma ya jiƙe a laka ya narke. Bilya ya miƙe yana shafa aljihu. Sai ya dubi guntun da ke hannunsa, wanda ya fi sauran ƙyalli. Ya ja shi a bayan hannunsa, ya ga ya yi layi.

"Baba, in riƙe wanga?"

Gide ya dube shi. Rabon kowane ɗa a gidansu bai fi girman wannan guntun ba. Haka ubansu ya gutsura wa Alhaji, haka ya gutsura masa, ana kiɗan maƙera, mata na guɗa daga cikin gida.

"Riƙe," ya ce. "Naka ne."

Ya zauna a inuwar motar yana kallo. Bilya na bin bututun da ke jere a ƙasa, yana sunkuyawa yana rubuta lamba a jikin kowanne, baƙi a kan fari, rubutu mai kyau, ya fita sarai. Wani ma'aikaci ya ce wannan ai ya fi alli, ruwa ba ya wanke shi, a tambayi tsoho ko yana da saura. Aka ɗaga bututu na farko, lambar na jikinsa, aka zura shi cikin ƙasa har ya ɓace. Aka ɗaura na biyu.

Motar kamfani ta ɗauke shi bayan la'asar, wannan karon a gaba, kusa da direba. Gabas ta fara haɗa hadari, iska na kawo ƙanshin ruwan da ya sauka a wani wuri. Direban mai surutu ne, ya ce bana manoma za su sha wahalar maƙera, kowa na son galmarsa a rana ɗaya. Gide ya ce haka ne. Ya buɗe tafin hannunsa yana dubawa. Baƙin ya shiga duk layukan fatar, kuma in ya karkata shi wajen taga, har yanzu yana ɗan ƙyalli. Ya goga a rigarsa ta zuwa suna, bai fita ba, rigar ce ta ɓaci.

Da suka shigo Ƙanƙara ana shirin kiran magariba, direba ya tambaya ina ne gidan. Daga bakin kasuwa ana jin bugun masaba daga maƙerar gado, bugu biyu-biyu, na saurayi mai ƙarfi. Sanusi ne ke daidaita ƙarfen gudumarsa, ya bar fuskar a buɗe saboda Juma'a.

Gide ya ɗaure bakin tsummar, gutsattsarin suka yi ƙara kamar tsakuwa.

"Bi ƙarar can," ya ce. "Nan za ka sauke ni."